Cokalin Ma Eudine

Gouyave, watan Yuli

Maigidana Alston,

Gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa. Yaya gonar tuffa, yaya ciwon bayan naka? Ina fata mutanen Kanada ba su ƙarasa min kai da hawa tsani ba. Zazzaɓin nan ya sake ni, har na koma shagon giyarmu.

Sai dai bai tafi hannu rabbana ba. Na ƙi faɗa maka a waya don na san halinka, sai ka ajiye aiki ka hau jirgi. Alston, hancina da harshena sun mutu. Na goga gyaɗar ƙamshi na kai hanci, babu komai. Na kurɓi farar giyar rake, wadda ke sa ƙato hawaye, zafinta kawai na ji a maƙogwaro. Likita ya ce wataƙila su dawo, wataƙila a'a. Ban san me ya sa ake biyan mutum don ya ce wataƙila ba.

Ranar Juma'ar kifi, da gari ke fitowa cin soyayyen kifi a titi, na yi haɗina na giya da lemu da ka, ba awo, kamar yadda hannu ya saba. Cosmos, wanda ba ya fashin zuwa shagon, ya ajiye wasan domino da yake yi, ya kurɓa, ya dube ni.

"Mis Merle, wa ya ɓata miki rai kika huce a kanmu? Wannan ai wankin kwano ne."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, sannan na shiga kicin na yi kukana. Kafin a tashi, rabin mutanena sun koma wurin maƙwabcinmu Fitzroy. Ba ka ga abin da ya mayar da mashayarsa ba. Ya sa wa ma'aikata hular 'yan fashin teku, kowa da ƙyalle a ido ɗaya, ga aku na roba a kan kanta, ana ba mutane ruwan kwali mai kala a ƙoƙon kwakwa da 'yar lema ta takarda. Baƙi sai ɗaukar hoto suke. Labarina ya kai masa, har ya tako ya ce in ba shi hayar shagon ya fasa bango ya haɗe da nasa.

Na ce ya gaida akunsa. A nan uwata ta tsaya har ƙafafunta suka gaza, ba za a rataya takobin roba a bangonta ba.

Taka har kullum,
Merle

Gouyave, watan Satumba

Alston nawa,

Ina gaishe ka, ina kuma fata sanyi bai fara ba, ka riƙa sa rigar da na saƙa maka ko da abokanka za su yi dariya. Saƙonka ya iso. Ka ce in auna komai da kofi in huta, in abin ya ƙi in karɓi tayin Fitzroy. Shekara nawa kana shan haɗin nan ba ka san yadda ake yinsa ba? Lemun tsamin damina ruwa ne, na rani kaifi gare shi, na bishiyar bayan gida daban da na kasuwa. Kowace jarkar giya da halinta. Harshe ne ma'aunin. Maganar Fitzroy kuwa, na yi kamar ban karanta ba.

Na fara gwada Cosmos a matsayin mai ɗanɗana min. Kofin farko ya ce a ƙara sukari, na biyu ya ce ya yi, na uku ya ce ko Sarauniyar Ingila ba ta taɓa shan irinsa ba, alhali tulu ɗaya ne ban taɓa shi ba. Na kore shi.

Sai na wanke ƙafa na hau tudu wurin mahaifiyarka. Ka san tun aurenmu Ma Eudine ba ta taɓa taka shagon nan ba, sunansa a bakinta ƙofar wuta. Ban ga laifinta ba, ta ga abin da kwalba ta yi wa mahaifinka, daga ranar da ta binne shi ta shiga cocin masu kiyaye Asabar. Amma duk garin nan babu mai harshenta, ita ce ke gane miyar da aka sa wa gishiri sau biyu tun daga bakin ƙofa.

"Ni? In ɗanɗana miki kayan Shaiɗan? Yarinya, zazzaɓin har kanki ya taɓa?"

"Ma, lemu ne da sukari da ruwa da gyaɗar ƙamshi. Giyar sai kin fita zan zuba."

"To ruwan lemu dai ba zunubi ba ne. Amma ta ƙofar baya zan shigo, kuma kafin rana ta faɗi Asabar ɗinmu ta shiga ina gidana."

Yanzu duk Juma'a da rana tana kicin ɗina da hularta da jakarta a cinya, tana ba ni umarni kamar ita ta haife ni. Ta ce lemuna na malalata ne, ta fara kawo na gidanta. Abin ya yi sauƙi, wasu mutanena sun dawo. Amma da giyar ta shiga sai lissafin ya sauya, wani mako ya yi, wani mako in ga kofuna a kan tebur ba a shanye ba. Ba na jin ɗanɗano, amma ina da ido, kuma abin yana ci mini rai.

Ban sare ba. Kai dai ka ci abinci.

Matarka,
Merle

Gouyave, watan Oktoba

Masoyina Alston,

Ina fata kana lafiya, kuma tuffar ta kusa ƙarewa ka dawo mana. Zauna kafin ka karanta wannan.

Juma'ar da ta wuce 'yan garin nan mazauna Landan suka zo biki, mota guda, suka aiko cewa haɗin shagon uwata suke so, wanda suka sani tun suna samari. Fitzroy ya tura masu hulunansa har masaukinsu, suka ce a'a. Na san in suka kurɓa suka yamutsa fuska, magana ta ƙare, don bakinsu har Landan yake kaiwa. Ga shi sabuwar jarka aka kawo min, ban san halinta ba.

Ma ta gama nata, ta ɗauki jaka. Ni kuwa na kasa jira ta fita, na zuba giyar na juya. Na ɗebo a cokali na sa a baki don sabo, na tsaya ina jira ko wani abu zai zo. Babu. Ashe tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona.

"Kullum haka kike yi in na tafi?"

"Kullum, Ma."

Ta dubi rana ta taga, ta mayar da ƙofa ta sa sakata. Ta ajiye jakar.

"Ba ni cokalin."

Na ce a'a, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ta ce alhakin nata ne, ita da Ubangijinta sun san juna, in daina ɓata mata lokaci. Alston, na miƙa mata. Ta rufe ido, ta riƙe shi a baki, hawaye yana gangarowa, sannan ta tofar ta taga ta kuskure baki.

"Warin mahaifin mijinki ke nan sak," in ji ta. Ta share fuska da bakin zane. "Wannan jarkar ta fi ƙarfi. Ƙara ruwa, ƙara lemu, kada ki taɓa sukarin. In kin gama ki sake ba ni."

Sau biyu ta yi. Mutanen Landan suka shanye tulun har suna karkata shi, wani tsoho a cikinsu ya ce uwata ba ta mutu ba. Ma Eudine kuwa tana gidanta tun kafin rana ta faɗi, ba ta ji ko ɗaya ba.

Da za ta fita da yammar nan, sai na riƙe hannunta. Ta fizge, ta ce kada in kuskura in gaya wa ɗanta. Ga shi na gaya maka, don ka san irin uwar da kake da ita, in ka dawo kuma ka yi kamar ba ka sani ba. Hancina bai dawo ba har yau, wataƙila ba zai dawo ba. Amma da ta kai bakin hanya sai ta juyo ta ce min, "Juma'a ki wanke cokalin nan da kyau, 'yata."

Shekara ashirin ina jiran kalmar nan daga bakinta.

Taka mai kewarka,
Merle