Gayyar Cike Mashigin Rafi

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Fatakwal? Da fatan Anti Hauwa da yara suna lafiya. Mu nan kalau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Ƙanwarmu Rabi ta sauka, an samu ɗiya. Amma a kan amalanken shanu ta haihu, a bakin rafin da ke tsakaninmu da Gwashi inda asibiti yake, don ruwa ya cika, babur ba ya ƙetarewa. Allah Ya kiyaye, su duka lafiya. Ma'aikaciyar jinyar da aka turo mana kuwa tun farkon damina ta tattara ta tafi. Na je ofishinsu, wani jami'i ya kora mini Turanci, wai garinmu ya cika nisa, ba mai yarda ya zauna. Na ce masa ran da aka kawo akwatin zaɓe ba wanda ya ga nisa.

Ban tsaya ɓacin rai ba, mun kira gayya ranar Asabar. Mai gari ya ɗauko makaɗi, mata za su dama fura, masu shanu su jawo duwatsu mu cike mashigin. In Allah Ya yarda, sai babur ya ƙetare rafin nan kafin wata ta sake naƙuda.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida. Inna ta ce in faɗa maka, rafi dai mun san maganinsa, kai ne ba ta san gayyar da za ta kawo ka gida ba.

Ƙanenka,
Umaru