Turbar da Ta Rage Mini Ni Kaɗai

Hajiya Luba, don Allah ki taimaka mini da shawara, domin abin nan na rasa wanda zan gaya wa.

Haifaffen Jidda ne ni, shekaruna hamsin da takwas, ina aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. A duwatsun da ke gabas da gari akwai wata tsohuwar turbar ƙafa da ke hawa ta gangara zuwa wata rijiya a cikin kwari. Mahaifina ne ya nuna mini ita ina ƙarami. Makiyaya na bin ta, haka ma masu fita shan iska lokacin sanyi. Shekara goma sha shida da suka wuce wani dattijo ya ɓace a wurin, ƙishirwa ta kashe shi, alhali tsakaninsa da rijiyar bai kai tafiyar rabin awa ba. Daga nan ne ni da aminaina biyu, Othman da Abdulghani, muka fara zuwa duk Alhamis. Mu sare ƙaya, mu jera duwatsu su zama matakala, mu shafa farin fenti a kan manyan duwatsu don kada kowa ya sake ɓata. Ba wanda ya sa mu.

Abdulghani iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, aka kama shi aka mayar da shi Zinder. Othman ya rasu shekara uku ke nan. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya roƙe ni kada in bar turbar ta mutu, na ce masa na ɗauka.

Sai ambaliyar bara, ana gobe hawan Arfa. Da na samu zuwa, ban gane wurin ba. Matakala ɗari da wani abu ruwa ya kwashe. Na sake farawa ni kaɗai, a wata goma na mayar da goma sha tara. Gwiwata ta dama kumbura take yi. Wani lokaci in tarar an ci an sha an watsar da robobi, har da wanda ya rubuta sunansa a kan fentina.

Watan jiya sukarin matata Sauda ya faɗi ina can, inda waya ba ta kamawa. Maƙwabciya ce ta kai ta asibiti. Sauda ba ta yi mini faɗa ba, hakan ya fi faɗan ciwo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Alhamis biyu ke nan ina tuƙa mota har gindin dutsen, in zauna a ciki ina kallonsa, in kasa fitowa. Da azahar in shafa ƙura a wandona in koma gida kamar na yi aiki. Halas, shi ke nan, Hajiya, na gaji. Amma in na tuna hannun Othman sai in ji kamar na ci amanar mamaci. In na bari, ina da laifi?

Mai gyaran turba, unguwar Ammariyya, Jidda

*

Malam, Allah Ya saka maka, Ya jiƙan amininka.

Fara da ƙaryar, don ita ce ta fi sauƙin gyara. Yau ɗin nan ka zaunar da Sauda ka gaya mata abin da ka gaya mini. Ina zaton ta riga ta lura. Wadda ta shekara goma sha shida tana wanke kayan aikinka ta san bambancin ƙura da gumi.

Alkawari abu ne mai nauyi, ba zan ce ka yar da shi ba, kuma fentin nan wataƙila ya ceci rayukan da ba za ka taɓa sani ba. Amma aikin mutum uku ne Othman ya bar maka, a lokacin gwiwarka lafiya lau, ruwa bai yi ɓarna ba. Haƙƙin matarka da na jikinka wajibi ne, turba kuwa sa kai ce. Kuma ka daina hawa kai kaɗai. In ka zame a can, kai ne dattijo na biyu.

Na lura a duk wasiƙarka ba inda ka ce ka nemi taimakon wani. Ka gaya wa limamin unguwarku, ka tari makiyayan da masu shan iskar, ka faɗa musu ƙarara cewa ƙarfinka ya ƙare. Matakalan ka ƙyale su. Alamomin hanya su ne masu hana mutuwa, kuma sabunta fenti sau ɗaya a wata ya isa, in kana da abokin tafiya. Ka kai gwiwar nan wurin likita kafin komai.

Ka ba abin wata uku. In an samu masu karɓa, ka nuna musu hanya ka koma gefe. In ba a samu ba, ka ajiye digarka da zuciya ɗaya, ka yi iyakar abin da ɗan Adam zai iya. Wanda ya kasa bai ci amana ba.

Allah Ya ba Sauda lafiya, kai kuma Ya ba ka hutu.

Hajiya Luba