Ƙyallen da Na Lulluɓa wa Kwamfutar Zahra'u

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Ɗiyata Zahra'u ta koma Bungudu da safe, inda take koyarwa a makaranta, sai Juma'a za ta dawo. Ta bar mini kwamfutarta a kunne a tsakar ɗaki, kan siminti, da igiya zuwa batirin sola. Ta ce kwana shida za ta yi tana lissafi, kada a kashe, kada a rufe murfin. Aikin digirinta na biyu ke nan. Ranar biyu ga Yuni za ta miƙa wa malaminta Dakta Yari, kuma wanda bai miƙa ba sai baɗi.

Wai a kan kwalli take bincike. Kwallin da muke zizarawa a ido. Dalma ce da farar wuta a haɗe, in ji ta, kuma ana son a san ko zai yi amfani a allon sola. Na yi dariya, na ce shekara hamsin ina sa shi, bai taɓa ba ni wuta ba.

Jiya ta zaunar da ni ta yi mini bayani, na rubuta don kada ya tsere. Kowace ƙwayar zarra ta dalma tana da 'yan abubuwa tamanin da biyu masu kewaya ta, ilektaron. Kwamfuta ba ta iya bin su duka. To sai a bar na can ciki, waɗanda ba su hulɗa da maƙwabta, a naɗa musu wakili guda ya tsaya a madadinsu, a bi na bakin ƙofa kaɗai. Wakilin nan sunansa sudofotenshal. Sau uku ta maimaita kafin bakina ya kama. Akwai wakilin da ke barin huɗu a waje, akwai mai barin goma sha huɗu. Ta zaɓi mai goma sha huɗu, don ya fi gaskiya, ko da yake ya fi nauyi.

Na tambaye ta wa ke shaidar wakilin bai ci amana ba. Ta ce ana gwada shi da abin da aka auna da hannu. To madalla.

Laraba, 7 ga Mayu

Kwamfutar tana ta huci kamar mai zazzaɓi, rubutu yana gudu a fuskarta. Duk wucewar da zan yi sai na kewaye. Rubutu a ƙasa, inda ake taka ƙafa. Raina bai so ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yaya Delu ta zo daga Tsafe da matan maƙwabta biyu, za su asibiti dubiya. Ɗaki ya cika. Ɗaya ta tsallake kwamfutar da zaninta. A gidanmu ko takardar ƙosai mai rubutu ba a bari a ƙasa, Baba yakan ɗauke ya soke a katanga.

Na ɗaga kwamfutar a hankali, ban cire igiya ba, ban rufe murfi ba. Na ɗora ta kan filo a gado, na lulluɓe ta da ƙyallen karan-miski da nake rufe littattafaina. Na raka su har titi, muka tsaya gaisuwa gidan ƙawata Asiya, sai la'asar na dawo.

Ɗakin shiru. Na yaye ƙyallen, ta yi zafi kamar murfin tukunya, fuskarta baƙi ƙirin.

Na mai da ita kan siminti, daidai inda take. Na ninke ƙyallen na sa a akwati. Ban san me ya sa na yi haka ba. Na sani.

Juma'a, 9 ga Mayu

Zahra'u ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa gaban kwamfutar. Ta kunna, ta duba, ta daɗe. Kwana uku da rabi sun tafi, don ba ta sa ta riƙa ajiye abin da ta yi ba.

Ta tambaye ni ko batiri ya mutu. Na ce a'a, kuma gaskiya ne. Ko wani ya taɓa igiya. Na ce a'a, shi ma gaskiya ne. Ba ta tambayi abin da ya kamata ba, ni kuma ban taimake ta ba.

Sai ta ce, "Laifina ne, Inna. Goma sha huɗun ne suka fi ƙarfinta. Na ɗora mata kayan da ba ta iya ɗauka."

Na ce ta ci abinci.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ta canza wakili, ta sa mai huɗu. Ta ce wannan kwana biyu zai gama. Tana faɗa tana kallon bango. Wannan karon a ɗakinta ta bar ta, ta ja ƙofa.

Laraba, 14 ga Mayu

Kwamfutar ta gama lafiya, ba ta mutu ba. Na yi hamdala, na ce wa kaina ashe Allah ya rufa asiri. Amma yau na ɓata a surar da na haddace tun ina shekara tara.

Talata, 20 ga Mayu

Ta nemi izini a makaranta, ta kai wa Dakta Yari sakamakon. Ta dawo da azahar, idonta ya kumbura.

Abin da na tsinta a maganarta: tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ba ta fito yadda ya kamata ba, kuma sauran lambobin duka a kanta suke tsaye. Goman nan da aka tura ciki aka ce ba su hulɗa da kowa, ashe a irin aikinta suna leƙowa. Ya ce ba zai sa hannu a kai ba. Ya tambayi dalilin canzawa, ta ce na'urarta ba ta iya ɗaukar mai nauyin. Ya ce to ta nemi wadda za ta iya, ko ta jira baɗi. Bai yi faɗa ba, in ji ta, har ruwa ya ba ta.

Ta kira mutum huɗu. Wanda ke da babbar kwamfuta nasa aikin yake yi.

Laraba, 21 ga Mayu

Ba ta koma Bungudu ba. Na ji ta a waya da wani ɗan ajinsu, Bashar. Muryarsa na fitowa. Wai ta ɗan gyara lambar da hannu ta ce da mai goma sha huɗun ta yi, wa zai bincika. Ba ta ce to ba. Amma ba ta ce a'a da wuri ba, kuma na ƙirga shirun.

Ni na koya mata cewa wasali ɗaya ba a sauya shi a allo. Yanzu shiruna ne ke tura ta.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na buɗe baki sau biyu. Na farko na tambaye ta ko za ta sha kunu. Na biyu ma haka.

Juma'a, 23 ga Mayu

Bayan na idar da walaha na ciro ƙyallen na ajiye a gabanta. Na faɗa mata duka, har da mayarwa kan siminti.

Ta daɗe tana juya ƙyallen.

"Kan filo, Inna? Kika kuma rufe ta da wanga?"

Na ce e.

"Ta ƙasa take shan iska. Kin toshe mata hanci."

Na ce ban sani ba. Na ce girmama ta na yi.

Ta ce wannan ba komai, kowa zai iya yi. Sai ta ce, "Amma mako biyu kina kallona ina zagin kaina." Ta shiga ɗaki. Ban taɓa jin kunyar wanda na haifa ba sai yau.

Asabar, 24 ga Mayu

Ta fito da sassafe da biro tana ƙirga kwanaki a tafin hannu. In aka tayar yau, Juma'a ta gama, ya rage Asabar da Lahadi na rubutu. In ta sake mutuwa, shi ke nan. Ta mai da mai goma sha huɗu, ta sa ta riƙa ajiyewa. Ta kira Bashar a gabana ta ce ta gode, ba ta yi.

Ta gaishe ni yadda ta saba. Ba ta zauna kusa da ni ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Za ta tafi Bungudu, ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallon kwamfutar, tana kallona. Na ce ta kulle ɗakinta ta tafi da makulli, ba zan ji haushi ba.

Ta ce ɗakinta ya fi zafi. Ta kawo ta nawa. Ta nuna mini wata lamba mai tsawo da ke fitowa jefi-jefi, ta ce in wutsiyarta ta rage canzawa, aiki na tafiya daidai. In na ga fuskar ta yi baƙi in kira ta.

Laraba, 28 ga Mayu

Zafin yau ko kaji sun buɗe baki. Ni dai ba zan iya ganin kwamfutar a ƙasa ba, kuma ba zan sake kai ta gado ba. Na ciro katakon da Baba ke ɗora littattafansa na fiƙihu, mai buɗewa kamar almakashi, wanda ban taɓa ɗora wani abu a kai ba tun rasuwarsa. Ya ɗauke ta daidai, iska na wucewa ta ƙasa. Na kira Zahra'u kafin in taɓa. Ta ce to, ta ɗan yi dariya, ta tambayi ko na ci abinci.

Ina zaune da mafici tun azahar. Ba kallo nake ba, fifita kawai nake yi. Lambobi uku na ƙarshe ne suke motsi da safe. Yanzu biyu ne.