Filin da Salihu Ya Ƙi Karɓa

Damazin

Assalamu alaikum Kaka Abdulmuttalib. Ina gaishe ka da kyau, ya ƙafarka?

Kaka, ka san bakina ba ya buɗuwa gaban Baba. Na ci jarrabawa, ana rubuta sunaye a makarantar 'yan mata, amma ya ce mu baƙi ne, da zarar an gama aikin madatsar Rusairis za mu koma gida. Shekara uku yana faɗin haka. Ko dashen lemo ya hana Inna. An kusa rufe rajista, kuma na san zan iya karatun.

Ka huta lafiya. Jikarka, Sabah.

Mai Wurno

Wa alaikumus salam amaryata mai kunya. Ƙafa ta ƙi, baki dai na nan.

Karanta wa ubanki Tahir wannan da ƙarfi. Da Ingilizi suka so auduga, ruwa suka fara nema, suka datse kogi a Makwar, suka kawo jirgin ƙasa. Ba gari suka zo ginawa ba, masaƙun ƙasarsu suke ciyarwa. Amma lebura sai ya ci, sai ya kwana. Mata suka kafa tukwane bakin tasha, mahauta suka biyo, tela ya biyo mahauci. Haka Sinnar ta yau ta tashi.

Ubana Salihu ya yi dakon dutse a aikin datse kogin. Aka nuna masa fili kusa da tasha, ya ce shi mahajjaci ne, baɗi zai wuce Makka, me zai yi da katanga? Ya rasu bai ga Jidda ba. Filin yanzu kasuwa ce, in na shiga sayen albasa har tsawa ake yi mini.

Ki ce da shi gadon ya isa haka.

Allah ya yi miki albarka. Angonki tsoho.

Damazin

Assalamu alaikum Kaka. Na gode ƙwarai.

Na karanta masa bayan la'asar. Ban tsallake ko kalma ba, har wurin albasa. Inna ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, “Tsohon nan ba ya gajiya,” ya ɗauki takalminsa ya fita.

Da safe ya ce in sa mayafina mai kyau. Sunana yana aji ɗaya yanzu. Muna dawowa ya tsaya ya sayi dashen lemo, yana cewa don inuwa ne kawai, mu dai baƙi ne.

Ni na haƙa ramin, Kaka. Na zurfafa shi sosai.

Ka huta lafiya. Sabah.