Ranar da Na Hau Soro

Koki, Kano.

Assalamu alaikum Abdulbaqi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Aminat da yara. Allah ya tsare ku da sanyin Sikotilan ɗin nan. Mu nan lafiya lau, ƙafar Babanku ta yi sauƙi, har masallaci yake zuwa da kansa. Da hannuna nake danna maka wannan, in ka ga kuskure ka yi haƙuri.

Maganar fankar iskar nan ce da ka sa aka kafa mana a soro kusa da sola. Kai ka ce can wajenku rana ba ta cika fitowa ba, iska ce ke ba ku wuta. To mu nan wata biyu abar nan tana tsaye kamar an ɗaure ta, sola ce ke ta fama ita kaɗai. Masu gyara suka ce gidajen cikin gari sun matse, iska ba ta saukowa, sai an ƙara mata tsawo. Sau uku suna hawa soron nan, ko sau ɗaya ba su yi shelar za a hau sama ba don matan maƙwabta su suturta. Na ukun kuwa 'Yardada, matar Malam Isyaku, tana tsakar gidanta tana wanke kai. Malam ya aiko wa Babanku a sauke ƙarfen nan, ita kuma ta daina shigo mini. Shekara talatin da ɗaya muna miƙa wa juna gishiri ta katanga, Abdulbaqi. Na ce a sauke, wuta ba ta kai mini 'Yardada ba.

Sai ƙanwarka Sa'adiyya ta ce a ba ta kwana biyu, ai abin da take karantawa ke nan, kuma mace in ta hau ba mai cewa komai. Ranar Laraba da la'asar ta zo da ƙawayenta biyu, suka ƙara tsawon, ta ce in hau in riƙe musu igiya. Ni da tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka tsani ba.

Ashe haka garinmu yake. Ga Dala, ga Goron Dutse, ga hasumiyoyi ko'ina, ga wata iska mai daɗi da ba ta taɓa sauko mini tsakar gida ba. Muna nan hadari ya taso daga gabas ya rufe rana ruf. Sa'adiyya ta nuna mini a waya sola ta yi ƙasa. Kafin in ce wani abu iska ta iso, fankar ta motsa, ta juya, ta kama gudu har ba na ganin fukafukanta. Sai tasbihi nake. Wanda ya rufe ranar shi ya aiko iskar, a lokaci guda. Sa'adiyya ta ce kada in sa rai da yawa, iskar Kano ba ta kai taku ba, taimako kawai take yi wa sola in hadari ya zo. Ni dai abin da na gani ya ishe ni.

Ina leƙawa sai ga 'Yardada a ƙasa ta riƙe ƙugu, wai me tsohuwa take nema a sama. Na ce ta zo ta gani. Ta zagayo ta zaurenmu, ta hau tana zagin gwiwarta, ta tsaya gefena tana kallon fankar, sai da yayyafi ya koro mu. Washegari Malam Isyaku ya ce in dai mata ne za su riƙa hawa, a bar fankar.

Don Allah kada ka sake turo mana maza. In da gyara, ka faɗa wa Sa'adiyya.

Babanku yana sa maka albarka. Yayarka Luba da Kawu Musa suna gaishe ka. Ka shafa mini kan jikata Ummi. 'Yardada tana nan kusa da ni tana tsinke zogale, ta ce in tambaye ka, wai iskar da ta wuce mu ranar nan ta iso wajenku?

Mahaifiyarka,
Uwani.