Kunnen Baba Tamu da Kwamfaila

Zuwa ga Zaituna, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gona, inuwar da nake nema da azahar,

Bayan gaisuwa mai yawa, na ji kin yi fushi don Juma'a uku ban taka Danwarai ba. Kina da gaskiya. Amma kin san mahaifinki Baba Tamu, da kunnensa ya yi nauyi, ya ce ba zai bayar da ke a kan maganar da bai ji da kunnensa ba, kawunnaina kuma za su zo neman aurenki bayan an cire albasa. Ina zan sa kaina in ba a ɗakin gwaji na jami'ar Aliero ba?

Kin tuna ranar kasuwar Jega da na maƙala masa na'urar ƙara ji da na haɗa? Kina tsaye da mayafinki ruwan ƙwai, kyakkyawa kamar hantsi. Na'urar ta kai masa ƙarar kowace babbar mota da kukan kowace akuya, ban da muryata. Ya cire ya miƙo mini, ya ce, "Ɗayyabu, kurumtata ta fi wannan daɗi."

Tun ranar nake rubuta wa na'urar umarnin kwamfuta da zai tace hayaniya ya bar muryar mutum. Ƙwaƙwalwar na'urar ba ta kai ƙwayar masara ba. Akwai manhaja, kwamfaila, mai juya rubutuna zuwa harshen da ƙwaƙwalwar ke ganewa. Sau arba'in da ɗaya ta ce mini wuri bai isa ba. Ba ta san ki ba, ya hasken raina, ba ta taɓa jin dariyarki ba, shi ya sa take magana haka. Na rage, na matse, na zubar da aikin wata biyu da hannuna.

Shekaranjiya kwamfaila ta amince. Jiya na tarar da Baba a Maiyama wajen ɗaurin aure, na sa masa na'urar. Ya kasa kunne, ya ce yana jin takun tantabaru a kan kwano. Sannan ya ce in faɗi abin da ke raina. Zaituna, kin san me na yi? Na tambaye shi farashin taki.

Ki gafarce ni, ki kuma roƙe shi ya sake saurarena ranar Asabar. Na rubuta maganar a takarda don in karanta masa.

Naki, yau da gobe, har ƙasa ta rufe idona,
Ɗayyabu