Bindigar Baba ta yi tsatsa

Daren Juma'a, unguwar Hor Al Anz, Dubai

Ina dawowa daga filin harbi, hannuna na warin albarushi, sai ga hoto daga Yaya Sani. Bindigar marigayi Baba ce, harba-ka-ruga ɗin da ya tsufa yana farauta da ita. Bakinta ya yi jawur da tsatsa. Wai man gyaɗa ya shafa mata, ya naɗe ta a buhu, ya cusa ƙarƙashin gado tun farkon damina. Man gyaɗa, sai ka ce soya ta za a yi!

Na kira shi raina a ɓace. Ya ce, "Kai da kake Dubai kana harbin takarda da bindigar haya, me za ka yi da tsohon ƙarfe? Wani mai tara kayan tarihi ya zo, ya ce yana so."

Na ce, "Yaya, don Allah ka bar min ita. Ba ta sayarwa ba ce, khalas, magana ta ƙare."

Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren. A nan ko harsashi ɗaya ban isa in kawo ɗaki ba. Amma duk Juma'a bayan masallaci Baba yakan shimfiɗa tabarma ya goge ta da man keken ɗinki, kuma cikinmu ni kaɗai ya koya wa kwance ta.

Na rubuta takardar neman hutu, Litinin zan miƙa. Ranar da na sauka gida, kafin in taɓa tuwo, tabarmar nan zan fara shimfiɗawa.